Reshen Mai Tafiya Shi Kaɗai

Duk wanda ya san shagon askin nan na bakin kwana ya san kujeru biyu ne a cikinsa, da dogon madubi ɗaya, da bencin masu jira, sai talabijin da aka maƙale can sama a bangon da ke fuskantar bencin. Kujerar ciki ta Yaya ce, ta bakin ƙofa ta ƙaninsa Kaifi. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma in ka gan su ba ka ce ko maƙwabtaka sun haɗa ba. Yaya mutum ne mai sanyi, sai ya yi wa mutum aski tun daga goshi har ƙeya bai ce uffan ba. Kaifi kuwa, Allah ya kiyashe ka da bakinsa. In ya fara magana, ko kilifa sai ta saurara.

Wata na'urar gem ta hannu, ba sabuwa ba, suka saya suka jona wa talabijin ɗin, don masu jira su daina gundura suna tsallaka titi zuwa wani shagon. To amma gem ɗin da ya zo a cikinta ba ƙwallo ba ne, ba tsere ba ne. Doguwar tafiya ce ta wata jaruma mai mashi da ke ratsa ƙasashen dodanni, tare da wani tsohon maƙeri mai ɗingishi da ke ɗaukar mata kaya, yana gyara mata sulke, yana ɗaure mata rauni. Wa zai zauna wa wannan yana jiran aski? Masu jira suka ɗan taɓa suka ajiye, sai masu shagon suka gaje ta. Wanda ba shi da kan da zai aske a gabansa shi ke riƙe hannun gem, wato abin dannawa, da an shigo nemansa ya ajiye, ɗan'uwan ya ɗora daga inda ya tsaya. Haka suka yi ta renon jaruma ɗaya su biyu.

Yaƙi da dodanni ba shi ne wahalar ba. Wahalar tana cikin shafukan zaɓi. Wallahi wanda ya tsara su, in da mai aski ne, da ba wanda zai koma wurinsa sau biyu. Ka danna maɓalli shafi ya buɗe, cikinsa wani shafi, cikin wancan ma wani, kamar kwanukan da aka jera ƙarami cikin babba. Maɓallin da ke nufin koma baya a shafin kaya, shi ne kuma na amince a shafin ƙwarewa. Rubutun Turanci ne mitsi-mitsi kamar ƙafar kiyashi, fari-fari a kan ruwan toka. Can a ƙuryar ƙarshe akwai abin da suke kira bishiya, wani zane mai rassa, kowane reshe da 'yan da'irori a jere, kowace da'ira wata ƙwarewa ce da ake saya wa jarumar da makin da take samu in ta ci yaƙi. Wannan reshe na ƙarfin mashi, wancan na tsafi, wancan na sanɗa. Kuma makin da aka zuba ya zubu ke nan, ba a kwashe shi.

Shi ya sa suka kafa doka cewa ba mai taɓa bishiya sai su biyun suna nan. Yaya ne mai karantawa, don ya fi zurfi a makaranta. Zai tsaya gaban talabijin ya karanta, ya juya da Hausa, Kaifi ya yi ta musu har ya gaji, sannan su danna abin da Yaya ya faɗa tun farko. A 'yan kwanakin nan kuwa ba musu, don tuni sun tsai da shawara. Suna tara maki ne don wata da'ira mai tsada da ke ƙarshen reshen dama, mai hoton hannaye biyu a sarƙe, wadda Yaya ya fassara da Hannu Biyu. In aka same ta, jarumar da maƙerin kowa na iya ɗaga ɗan'uwansa in ya faɗi. Ba tare da ita ba, dodon da ke tsare da gadar gishiri ya yi ta tattake su kullum kamar kyankyaso.

Wata safiya Kaifi ya dawo daga sayen reza ya tarar Yaya yana da kai a gabansa. Ya zauna a benci ya ɗauki hannun gem. Abin da ya fara lura da shi, jarumar na tsaye ita kaɗai a kan hanya. Ya juya ta gabas, ya juya ta yamma, babu maƙeri. Ya kutsa cikin shafuka, ya ɓata, ya fito, ya sake shiga, har ya isa bishiya. Maki wayam, ko ɗaya ba a rage ba. Da'irar da ke ci da haske kuwa tana ƙarshen dama, amma a kan wani sabon reshe da ya toho a gefen tun da suka shiga ƙasar ƙanƙara. Hoton cikinta hannu ɗaya ne a dunƙule. Kaifi ya tashi ya matsa, ya bi rubutun da yatsa da ɗan Turancinsa na gane hanya. Mai Tafiya Shi Kaɗai. Ƙarfin jaruma zai ninka, da sharaɗin ta rabu da abokin tafiyarta har abada.

"Yaya, kai ka taɓa bishiya?"

"Ni ne. Na ga maki ya cika, na ce bari in hutar da kai."

"Me ka saya?"

"Abin da muka ce mana," in ji Yaya, ko waiwayowa bai yi ba.

Da wani abin ne daban, da Kaifi ya ɗaga rufin shagon nan da bakinsa. Sai ga shi ya haɗiye maganar. Tsoro ne ya kama shi, ba fushi ba. Ya ce a ransa, Yaya ba ya kuskuren karatu. Mutumin da ke karanta takardar magani ya yi wa mai kemis gyara, shi ne zai kasa bambance hannu biyu da hannu ɗaya? Kuma doka ce ya karya, shi da ko layin banki ba ya tsallakewa. A'a, ruwa ba ya tsami banza. Wannan hannunka mai sanda ne. Yaya mutum ne da ba ya iya faɗin magana mai nauyi da bakinsa, sai ya ajiye ta inda za ka yi tuntuɓe da ita.

To, mai neman abin zargi ai ba ya rasawa. Nan take Kaifi ya fara tuno abubuwa, kowanne yana zuwa da ƙafarsa yana zama inda ya dace. Kwanan baya Yaya ya ce su yi musayar kujera, wai cikin shagon ya cika zafi, yana son bakin ƙofa. Mutumin da ya shekara da shekaru a ƙuryar nan bai taɓa kukan zafi ba! Kaifi ya ba shi bai kawo komai ba, sai yanzu ya gane ƙafa ɗaya ce aka fara fitarwa waje. Sannan gyaran fuska, aikin da ya yi wa Yaya suna, layin goshin nan da yake fitarwa kamar an sa magwaji. Yanzu da ya gama sauke gashi sai ya ce, "Kaifi, ƙarasa masa, hannunka ya fi nawa sauri." Ashe sabar masa da mutane ake yi, irin yadda ake yaye yaro. Ga waya, saƙo zai shigo, Yaya ya ɗaga ta ya mai da aljihu bai buɗe ba, sai ya fita waje. Ga fitar hantsi, wai zai je ya dawo, ba ya cewa ina.

Kuma tsallaken titi, a ƙasan wani dogon gini mai hawa-hawa, an buɗe sabon shagon aski mai gilashi har ƙasa, da na'urar sanyaya ɗaki, da kujeru kamar na jirgin sama. Kowa ya san mai wurin yana da kayan aiki amma ba shi da hannu, yara ne kawai masu sassaƙa wa mutane kai. Kowa kuma ya san hannun da yake nema.

Kaifi ya leƙa wurin Tela, maƙwabcinsu na jikin bango. Tela mutum ne da keken ɗinkinsa ke fuskantar titi, idonsa ɗaya a kan allura ɗaya a kan jama'a, kuma bai taɓa ganin abu ya bar shi ya kwana a cikinsa ba. Kaifi ya yi kamar maɓallin riga ya zo nema.

"Tela, in Yaya ya fita da hantsi, ina yake nufa?"

Tela ya tsai da keke. "Au, ba ka sani ba? Ni na zaci da saninka."

"Da sanina me?"

"Ni dai ban ce komai ba. Amma ginin can yake shiga. Ya tsaya ya duba hagu ya duba dama, ya daɗe yana dubawa kamar mai tsoron a gan shi, sannan ya tsallaka."

Shi ke nan, biri ya yi kama da mutum. Kaifi ya dawo shago. Ku bar ganin bakin nan nasa, Kaifi bai taɓa yin aiki a ko'ina ba sai a gefen Yaya. Bai san yadda ake magana da mai gidan haya ba, bai san inda ake kai kilifa wasawa ba, bai san yadda ake lallashin mutumin da aka ɓata wa aski ba. Manyan mutanen da ke zuwa, don hannun Yaya suke zuwa, shi kuma su saurari surutunsa a matsayin gyara. In Yaya ya tsallaka titi, abin da zai rage masa ɗaki ne da madubi. Wannan shi ne abin da yake tsoro, kuma ya fi ƙarfin ya faɗe shi, sai ya mai da shi gadi.

Ya zama ɗan sandan ciki a shagonsa. Yaya ya yi tari, Kaifi ya duba wa ya yi wa. Yaya ya goge almakashinsa ya sa a jaka, Kaifi ya ce an fara kwashe kaya. Har gwaji ya yi masa. Wata rana ya ce, "Yaya, madubin nan ya fara tabo, mu sauya shi ko?" Yaya ya ce, "Bar shi tukuna, mu ga abin da Allah zai yi." Kaifi ya gyaɗa kai. Wa zai sauya madubin gidan da zai bari?

Ranar hutu ya tafi gidan Yaya a lokacin da ya san ba ya nan, wai ya zo gaida yara. Matar Yaya ta kawo masa ruwa. Da can abokiyar wasansa ce, ba ya shiga gidan ta bar shi ya zauna ba ta tsokane shi a kan rashin aure ba. Ran nan ko murmushi.

"Matar Yaya, me maigidanki yake ƙullawa ne?"

Ta dube shi da sauri. "Ya gaya maka wani abu?"

"Da ya gaya min zan tambaye ki?"

"To ka tambayi ɗan'uwanka. Ya ce shi zai faɗa maka da bakinsa, in lokaci ya yi." Ta juya ta shige ɗaki, amma ya riga ya ga idonta ya kawo ruwa.

Kunya ce, in ji Kaifi a ransa. Ita ma ta san abin da za su yi min ba daidai ba ne.

Duk wannan lokacin Yaya ya rage taɓa gem. In Kaifi ya miƙa masa hannun sai ya ce, "Ci gaba, ina sauraro." Kaifi ya ci gaba shi kaɗai, kuma abin haushin, jarumar ta zama wata irin bala'i. Dodannin da da can sai an yi dabara, yanzu suka ɗaya take musu su watse. Amma in ta ji rauni ba mai ɗaure mata, sai dai ta zauna gindin dutse ta jira. Wurin da maƙerin kan tsaya in an kunna wuta yana ba da labaransa marasa kan gado, yanzu fili ne. Kaifi ya laluba duk shafukan nan yana neman hanyar dawo da tsohon, ya shiga na kaya, ya shiga na taswira, ya sayar da takalmin jarumar bisa kuskure saboda maɓallin nan munafuki, bai samu ba. Kullum ya kunna sai ya ji ana nanata masa saƙon.

Ranar da abin ya fashe, shagon cike yake. Benci ya cika har wasu na tsaye a ƙofa. Akwai Tica, malamin makarantar bayan layi, yana jiran layinsa da jarida a cinya. Tela ya shigo shan iska da jin labari. A kujerar Yaya kuwa Direba ne, wani dattijo mai jan babbar mota, wanda tun yana da baƙin gashi ba wanda ke taɓa gemunsa sai Yaya, ko an ce Kaifi ya ƙarasa masa ba ya yarda. An lulluɓe shi da ƙyalle, an shafe masa haɓa da wuya da kumfa, ya lumshe ido. Wanda ke kan layin Kaifi ya fita amsa waya, sai Kaifi ya ɗauki hannun gem, ya kai jarumar gadar gishiri don ya huce.

Dodon ya taso, ƙaton abu mai kai kamar tukunya. Jarumar ta shige ƙarƙashinsa, ta soke shi, ta sake, kafin masu benci su gama gyara zama ya kife cikin kogi. Aka yi tafi, wani ya yi fito.

Yaya na wasa reza a tafin hannunsa, ya yi murmushi ya ce, "Ka ga amfanin Hannu Biyu ke nan. Na gaya maka tsohon nan zai yi rana."

Nan ne igiyar ta tsinke. A yi maka abu, sannan a yi maka dariya a gaban jama'a? Kaifi ya miƙe, ya bi shafukan nan ɗaya bayan ɗaya har bishiya, ya kai alama kan da'irar mai haske. Bayaninta ya fito a gefe.

"Yaya, karanta wa jama'a abin da ka saya."

"Bari in gama da bawan Allahn nan."

"A'a, yanzu. Ai kai ne mai karatunmu. Karanta su ji."

"Kaifi, ba a tsai da reza a tsakiyar aiki."

"Ba ka fara ba ai. Ko akwai abin da kake jin kunya ne?"

Yaya ya daɗe a tsaye. Sannan ya juyo, ya ɗaga fuska wajen talabijin, ya gyara murya, ya karanta da Turancinsa mai kyau, tiryan-tiryan ba gargada. Ya kuma juya da Hausa yadda ya saba. "Hannu Biyu. Daga yau rayuwar jaruma da ta abokin tafiyarta a ɗaure suke. In ɗaya ya faɗi, ɗaya zai ɗaga shi."

Kaifi ya yi wata dariya mara daɗi. "Kun ji ko? Ido cikin ido. Tica, don Allah kai karanta mana, kada a ce ni ne ban iya ba."

Tica ya dubi talabijin, ya dubi Yaya, ya sake duban talabijin. Ya ce a hankali, "Kaifi, bar maganar nan."

"Ba zan bari ba. Karanta."

Tica ya karanta ba da son ransa ba. Mai Tafiya Shi Kaɗai, ƙarfi zai ninka, abokin tafiya zai tafi ba dawowa.

Sai Kaifi ya buɗe baki, abin da ya tara duk ya zubo. Ya faɗi kujerar bakin ƙofa, ya faɗi gyaran fuskar da ake tura masa, ya faɗi wayar da ake ɓoyewa. Ya ce Tela shaida ne, ginin can ake shiga a saɗaɗe. Ya ce in tafiya za ka yi ka tafi, ba wanda ya ɗaure ka, amma ka faɗa min kamar ɗan'uwa, ba ka aiko min da saƙo ta bakin ɗan tsohon cikin talabijin ba. Ya ce ni ba maƙeri ba ne da za a danna maɓalli in ɓace. Magana zarar bunu, yana yi yana jin daɗin yadda take fita, don ya daɗe yana tsara ta.

Fuskar Yaya na wajen talabijin har yanzu, ya ɗan karkata kai gefe kamar mai leƙen wani abu ta bayan labule. Da ya yi magana, ba da Kaifi ya yi ba.

"Tica, ba ita ce ta ƙarshe a reshen dama ba?"

"Ita ce. Amma wani reshe ya fito a damansa. Wanda kake nufi ya matsa ciki."

"Af," in ji Yaya. "Ba su faɗa ba."

"Sun faɗa, ga shi nan an rubuta a sama." Tica ya naɗe jaridarsa. Da ya yi shiru daga nan, da ya kyauta, amma malami ne, tambaya ta riga tunaninsa fita. "Yaya, hoton da ke cikin da'irar, me kake gani?"

Yaya ya ƙara karkata kai. Ya matsa taku ɗaya. Kowa na kallonsa, kuma kowa ya ga idonsa ba kan da'irar yake ba, yana can gefe inda babu komai.

"Haske nake gani," in ji shi.

Sai a lokacin Kaifi ya gane.

Yaya ya juyo ya fuskanci benci, ya yi bayani da muryar da yake faɗin farashin aski. Ya ce tsakiyar ganin ne ya tafi, gefe-gefe yana gani, in da haske sosai. Ya ce likitan ido yana hawa na sama a ginin can, ya ba shi magani, ya ce a jira a gani, amma bai yi masa alkawari ba. Ya ce rubutun bishiyar ya haddace shi tun lokacin da yake gani, ya kuma haddace hanyar, shi ya sa ya saya shi kaɗai, don kada Kaifi ya ce ya tsaya ya karanta wani sabon abu. "So nake in ga ƙarshen maganin tukuna in gaya masa. Yaron nan ba ya iya riƙe damuwa." Ya ƙara da cewa, "Amma hannuna ya san kan mutum. Ban yanki kowa ba. Ku tambaya, ban taɓa yankar kowa ba."

Ba wanda ya musa masa, ba kuma wanda ya dube shi. Idanun masu benci duk sun koma kan abu ɗaya, rezar da ke buɗe a hannunsa, da wuyan Direba fari fat da kumfa.

Direba ya buɗe ido tun ɗazu. Ya fito da hannu daga ƙarƙashin ƙyalle, ya dafa hannun kujera, ya miƙe a hankali kamar mai ciwon baya. Dattijon kirki ne, kuma ana gani a fuskarsa abin ya yi masa ciwo.

"Kada ka riƙe ni a zuci, Yaya. Allah ya ba ka lafiya. Amma ni ma in nawa idon ya yi haka, ba za ka bar 'ya'yanka su shiga motata ba."

"Gaskiya ne," in ji Yaya.

Direba ya taka da ƙyallensa da kumfarsa ya zauna a kujerar Kaifi. Mutum biyu daga bakin ƙofa suka tuna suna da uzuri. Da Kaifi ya waiga neman Tela, wurinsa babu kowa, kuma keken ɗinki bai tashi ba a bayan bango, alamar ba shagonsa ya koma ba. Kafin la'asar duk layin zai ji, daga mai kemis har masu gilashin tsallaken titi. Abin da Yaya ya yi ta ɓoyewa da dabara da haƙuri, ba maƙiyi ne ya tona shi ba.

"Yaya," in ji Kaifi. Muryar ta fito ƙarama. "Yaya, ni ban..."

"Mutum na jiranka, kumfa za ta bushe."

Kaifi ya ajiye hannun gem a kan benci. Ya sa sabuwar reza, ya tsaya bayan Direba, ya dafa haɓarsa. Kunya da baƙin ciki suka taru suka danne masa ƙirji, ya rasa inda zai sa idonsa, sai ya sa shi a madubi.

A cikin madubin ya ga Yaya ya naɗe rezarsa, ya goge ta da tawul, ya ajiye a kan kanta. Ya tsaya jim kaɗan gefen kujerarsa, ko wani daga benci zai taso. Ba wanda ya taso. Sai ya miƙa hannu bayan ƙofa ya ɗauko tsintsiya, aikin da ake fara ba sabon yaro a shago, ya sunkuya ya fara shara daga ciki zuwa bakin ƙofa. Masu benci suka ɗaga ƙafafunsu. Ya share ƙarƙashin benci tsaf, ya share gindin bango. Da ya zo tsakiyar ɗaki, inda gashin safiyar nan ya taru baƙi ƙirin a kan farin tayil, sai ya bi ta gefensa, ya share inda babu komai, ya tura 'yar ƙurar waje. Babu wanda ya gaya masa.